Na-Sani da Firjin Hawa Uku

Shekara goma sha tara Na-Sani ya yi yana riƙe da makullin sito a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake duba ingancin abinci da magunguna. Aikinsa ya karɓi kwalaye, ya jera kwalabe, ya rufe ƙofa. Bai taɓa ɗiga ko ruwa a kwalbar gwaji ba. Amma da farar rigar aiki yake komawa gida, da biro uku a aljihun gaba, kuma in ya zauna cikin mutane ba ya cewa "sun gano", sai dai "mun gano". Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ko mafarkin da ka yi jiya ka fara ba shi labari, kafin ka kai tsakiya zai ce, "Ai na sani."

Rigimar daga tashin gida ta faro. Sun sami sabon wuri a hawa na uku na wani bene, saura kwana goma su koma. Matarsa babu abin da ke damunta sai firjinta mai ƙofa biyu, wanda ya ɗara mijin tsawo, wanda ta yi shekara huɗu tana gogewa kullum kamar jariri.

Ƙaninta ya zo duba kaya. Shi yana da wajen motsa jiki inda samari ke ɗaga ƙarfe, ana ce masa Ƙirji. Ya zagaya firjin, ya ɗan jijjiga shi, ya ce, "Wannan sai mutum uku. Ni da 'yan dako biyu."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Gida dai in babu mai ƙarfi…"

Ba ta ƙarasa ba. Na-Sani ya ajiye kofin shayi.

"Mutum uku a kan akwatin sanyi?"

"Yaya, ya kusa kilo ɗari fa."

"Ai na sani. Ni kaɗai zan hau da shi."

Ƙirji ya dube shi daga sama har ƙasa, ya daɗe a tsakiya. "Da wane jikin, Yaya? Wannan, ko akwai wani a ajiye?"

"Ku da nama kuke ɗaukar kaya. Mu da ilimi."

Matar ta ce, "Maigida, bara tulun gas ka ɗauka, kwana uku kana tafiya a karkace."

"Wancan ban shirya masa ba."

A lokacin ba shi da wata dabara. Dabarar washegari ta same shi, yana tsaye bakin ƙofar ɗakin gwaji da kwali a hannu. Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Dokta, tana yi wa sababbin ma'aikata biyu bayanin wata farar roba da aka kawo a gwada.

"Wannan garin shi ne kiriyatin," in ji ta. "Jikinmu ma yana yin sa. Ƙoda da hanta ke haɗa shi, kamar giram ɗaya a rana, sauran mu samu a nama da kifi. Kusan dukansa a tsoka yake zama. In mutum ya yunƙura zai ɗaga abu mai nauyi, makamashin da ke cikin tsoka nan da nan yake ƙarewa. Sai kiriyatin ya miƙa sinadarin fosfet da yake riƙe da shi, a sake cika makamashin nan take. Wato ƙarfi ne na gaggawa…"

Nan motar kaya ta danna hon a waje, Na-Sani ya fita da sauri. Abin da Dokta ta faɗa bayan nan, cewa ƙarfin ba ya daɗewa, cewa ɗan taimako ne kawai ga mai motsa jiki na makonni, cewa ruwa da zafi da tsami suna lalata garin, duk hon ɗin mota ya cinye.

Da rana ya same ta a ofis.

"Dokta, a ɗan sam mini cokali biyu na garin nan."

"Na mene ne?"

"Bincike."

"A ina?"

"A jikina."

Ta cire tabarau. "Malam, karanta abin da ke jikin robar."

"Ai na sani."

"Karanta dai."

Ya karanta. "Don gwaji kawai. Ba a ci, ba a sha."

"To. A ɗakin nan ko sukari ne ba a lasa. Wannan ba don ciki aka yi shi ba, babu wanda ya tabbatar mana abin da ya raɓe shi. Ka ga mu ma sai da safar hannu da tabarau da takunkumi muke auna shi, kar ƙurarsa ta shiga ido ko hanci. Mai da shi kabad ɗin da babu danshi, ka ɗaure murfin sosai. In na sha kake so, akwai a kemis."

Na-Sani ya gyara biro ɗaya a aljihu. "Dama gwada ki nake."

"Na ci?"

"Kin ci."

Mai kemis ya sauko masa da gwangwani guda na sha. Ya ce, "Ƙaramin cokali ɗaya a rana, da ruwa mai yawa. Kana da ciwon ƙoda?"

"Mu muke duba ta wasu."

"Wane motsa jiki kake yi?"

"Na ƙwaƙwalwa."

Mai kemis ya sa gwangwanin a leda, bai ƙara tambaya ba.

A hanya Na-Sani ya yi lissafinsa. Cokali ɗaya na masu lokaci ne, waɗanda ke da wata biyu a gabansu. Shi kwana tara gare shi. Saboda haka cokali shida.

Da ya isa gida ya mai da kicin ɗakin gwaji. Ya liƙa takarda a ƙofa: Ba A Shiga. Ya sa safar hannu da tabarau na kariya da takunkumi, kayan da ya yi shekara goma sha tara yana raba wa mutane bai taɓa sa ko ɗaya ba. Matarsa ta tsaya a ƙofa da ludayi.

"Maigida, tiyata za a yi wa wa?"

Ya ja takunkumin ƙasan haɓa, don yana hana shi bayani. "Ki tsaya nesa. Abin da ke cikin nan, in ya haɗu da tsoka…"

Ya ɓalle murfin daidai ƙarƙashin fanka. Garin ya tashi, ya shiga hancinsa. Ya yi atishawa, kuma da yake hannayensa biyu na riƙe da gwangwanin, cikin gwangwanin ya yi ta. Da ƙurar ta lafa, girarsa fari fat, tukunyar shinkafa fari fat, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa yana kwance a ƙasa.

Matar ta ce, "In share, ko akwai sauran gwajin?"

"Share. Amma a hankali, kar tsintsiyar ta fi ƙarfinki."

Ya zuba cokali shida a kofin ruwa ya juya. Garin ya ƙi narkewa, ya kwanta a ƙasa kamar yashi. Na-Sani bai saba abu ya yi masa gardama ba. Ya juye gwangwanin gaba ɗaya a babbar tukunya, ya cika da ruwa, ya matse lemon tsami goma sha biyu a kai, ya ɗora a wuta. Awa biyu yana tafasa. A ƙarshe komai ya narke, ya ɗura a jarka. Matar ce ta ɗauko alƙalami ta rubuta a jiki: Na Maigida, Kar Wani Ya Sha.

"Ba sai kin rubuta ba."

"Ina da baƙi masu zuwa. Ba su yi mini laifin komai ba."

Daga ranar ya kafa wata doka. Tunda ƙarfi tara shi ake yi, ba zai ɓarnatar da ko ɗigo ba kafin Asabar, ranar tashi. Ya daina ɗaukar komai. Buta ma sai an miƙo masa. Matar ta ɗaure kwanuka, ta naɗe labulaye, ta kwance gado, shi yana kwance a doguwar kujera yana cin nama da kifi, yana kora wa da kofi uku na jarka a rana. A wurin aiki kuwa, in an kawo kwali sai ya nuna wa direba inda zai ajiye da bakin biro.

Labari ya zaga layin. Ranar Laraba ya kai wandonsa wajen telan da ke bakin titi a buɗa masa ƙugu, ya tarar da mai aski a zaune.

Tela ya zagaya shi da tef. "Inci biyu ka ƙara."

"Tsoka ce."

"A ciki take fitowa?"

"Nan ne matattara. Daga nan take rarrabuwa."

Mai aski ya ce, "An ce ranar Asabar da firji za ka hau bene."

"Da gudu."

"To zan rufe shago. Tun da nake ban taɓa ganin firji ya yi gudu ba."

Ana cikin haka cikin Na-Sani ya yi wata ƙara kamar ana jan tebur. Ya tambayi tela ko akwai banɗaki kusa. Da ya dawo, yana share gumi, ya ce, "Jiki ne ke fitar da tsohon rauni."

Tela ya ce, "Allah ya raba lafiya."

Ranar Alhamis ya ɗebi ruwan jarkar a ƙaramar kwalba ya kai wa Dokta, ya ce ta auna, don in abin ya fito duniya a san a ɗakinta aka fara tabbatar da shi. Ta karɓa da safar hannu. Washegari ta kira shi, takardar sakamako a gabanta.

"Me ka yi masa?"

"Sirrin sana'a ne."

"Dafa shi ka yi. Da tsami."

"Ki dai faɗi ninki nawa ya ƙara."

"Mafi yawansa ya koma kiriyatinin."

Na-Sani ya buga tebur. "Kin gani ko! Har sunan ya ƙara tsawo."

"Malam, zauna." Ya zauna. "Kiriyatinin shi ne sharar da ke ragewa in jiki ya gama amfani da kiriyatin. Shi ƙoda ke tacewa ta zubar a fitsari. Mako guda kana shan abin da jikinka ke ƙoƙarin rabuwa da shi."



"Wato na rage wa jiki hanya," in ji Na-Sani.

"Ka zubar da jarkar nan. Ko mai kyau ka sha, ƙarfin gaggawar nan kamar daƙiƙa goma yake yi, kuma sai wanda ya saba ɗaga nauyi yake ganin amfaninsa. Ka nemi 'yan dako."

Duk cikin maganar nan abu ɗaya ya ɗauka: daƙiƙa goma. Da aka tashi aiki ya wuce sabon gidan ya ƙirga matakala. Arba'in da takwas. Ya raba, ya samu kusan biyar a kowace daƙiƙa. Ya gaya wa matarsa cewa abin zai yiwu, muddin ba wanda ya tsayar da shi gaisuwa a hanya.

Asabar da safe motar kaya ta tsaya a gindin benen. Matar ba ta gaya masa ba, ta kira 'yan dako biyu, ɗaya matashi, ɗaya dattijo siriri mai furfura, da tsumma a kafaɗa. Dattijon ya nufi firjin, Na-Sani ya tare shi.

"Baba, wannan nawa ne. Ku ji da katifu."

Dattijon ya dubi firjin, ya dubi mai maganar, ya ce, "To, yallaɓai." Ya kai katifa ɗaya sama, ya dawo ya zauna a bakin titi yana shan ruwa.

Jama'a sun taru. Tela da mai aski sun biyo motar. Sababbin maƙwabta sun leƙo ta tagogi. Ƙirji ya riga ya hau sama da kujeru. Na-Sani ya shanye kofin ƙarshe na jarka, wadda bai zubar ba, ya sa farar riga da tabarau na kariya, ya miƙa wa tela agogo.

"In na ce a saki, ka fara ƙirga da ƙarfi."

Mutum huɗu suka jingina masa firjin a baya daga bakin motar, suka ɗaure da igiya ta ƙirji da ƙugu, suka rako shi har gindin matakala. Matar ta rufe baki da mayafi.

"A saki!"

Aka saki.

Gaskiya dai a faɗe ta, ya tsaya. Har ya taka. Tela na cewa "ɗaya, biyu, uku", Na-Sani na hawa, idanunsa sun cika tabarau, wuyansa ya yi jijiyoyi. Mai aski ya fara tafi. A "bakwai" ya kai matakala ta biyar. A "goma" ya kai ta shida, inda benen ke yin kwana, gwiwoyinsa suka ajiye aiki ba tare da sanarwa ba.

Firjin ya karkata. Kansa ya tokare ƙarƙashin matakalar sama, gindinsa ya maƙale a ƙarfen riƙo. Na-Sani ya rage a ƙasansa, a duƙe, a ɗaure, goshinsa a bango. Ba gaba, ba baya. Matakalar ta toshe, ko kyanwa ba ta wucewa.

Tela ya ce, "Goma sha ɗaya. In ci gaba?"

Daga sama muryar Ƙirji ta sauko. "Yaya, kana da rai?"

"Hutu nake. Tsoka na sake cika."

"Minti nawa take ɗauka?"

"Yi shiru, kana ɓata mini lissafi."

Wata ma'aikaciyar jinya da ke hawa na biyu ta sauko da jakarta, ta ci karo da bayan firji. "Malam, ƙarfe tara zan karɓi aiki."

"Ki bi ta wata hanyar."

"Wacce? Taga?"

Bayanta wata tsohuwa ta iso da kwandon shara. Ta leƙa ta gefen ƙarfe, ta ga ƙafafu biyu suna rawa. "Wane ne wannan?"

Ƙirji ya ce, "Sabon maƙwabcinku ne, Iya."

"To, sannu da zuwa. A nan zai zauna?"

Na-Sani ya tattara abin da ya rage masa ya yunƙura. Firjin bai motsa ba, wandon ne ya amsa, ya tsage daga baya har ƙasa. Tela ya juyo ga jama'a. "Ku shaida, ba ta wajen ɗinkina ba ne."

Sai ƙofar firjin ta sama ta fara buɗewa a hankali, tana gogar bango. Matar ta kwarma ihu. "Firjina! Wayyo, zai karce!"

Daga ƙarƙashin firjin wata murya ta ce, "Ni fa?"

"Kai kana warkewa!"

A nan cikinsa ya sake yin ƙarar nan ta jan tebur, kuma a cikin matakala sauti yana amsawa. Kowa ya ji. Na-Sani ya sassauta murya. "Ko akwai wanda ke son ya ɗan gwada, don ya koya?"

Dattijon ɗan dako ya ƙarasa ruwansa, ya rufe gorar, ya taso. Ya dubi inda firjin ya tokare, sama da ƙasa. Ya ce da abokin aikinsa, "Riƙe nan." Ya ce da Ƙirji, "Kai na sama, danna ƙofar, ka tallabe kan." Ya ja bakin igiya sau ɗaya, ƙullin ya warware. Sannan ya kama Na-Sani ta idon sawu ya zaro shi kamar aljihun tebur.

Mai aski da tela suka kwantar da shi a kan katifa a bakin titi, suka rufa masa farar rigar ta baya. Dattijon ya ninke tsummansa, ya ɗora a baya, ya shiga ƙarƙashin firjin. Matashin na turawa, Ƙirji na ja, shi yana cewa "taka, tsaya, juya". A kowace kwana sai sun huta. Minti goma sha biyu suka yi. Firjin ya isa hawa na uku da karce guda ɗaya, wanda matar ta gano tun kafin a dire shi.

Ma'aikaciyar jinyar ta fito da sauri, amma ta tsaya ta danna bayan Na-Sani a wuri uku. A na ukun ya yi ƙarar da ta sa tantabaru suka tashi daga kan rufi.

"Ba karaya, tsoka ce ta ja. Mako ɗaya a kwance. Ranar Litinin a kai ka a duba ƙodarka, kuma ka gaya wa likita abin da ka sha, kar sakamakon ya firgita shi a banza."

"Dama ina da niyyar…"

Ta riga ta tsallaka titi.

Kafin rana ta take an gama kwashe kaya. Jama'a ba su watse ba, don Na-Sani ya gwada tashi sau biyu bayansa ya ƙi. Ƙirji ya ce zai ɗauke shi, Na-Sani ya ce ya gwammace ya kwana a titi. Matar ta sauko, ta leƙa cikin motar, babu komai. Ta dubi mijinta a kan katifa. Ta juya wajen dattijon, wanda ke kakkaɓe tsummansa.

"Baba, don Allah saura kaya ɗaya."

Dattijon ya zagaya katifar. Ya ce, "Mai fashewa ne?"

"Ya riga ya fashe."

Aka ɗora masa shi a baya. Suka fara hawa, maƙwabta na ba su hanya, tsohuwar nan na cewa, "Sannunku da aiki." Sun wuce hawa na farko lafiya. A na biyu Na-Sani ya ɗan dawo hayyacinsa, ya matso da baki kusa da kunnen dattijon.

"Baba, ba haka ake yi ba. Gwiwa za ka riƙa lanƙwasawa, ba baya ba. Ka ga ita tsoka, a cikinta akwai wani sinadari da mu muka…"

Dattijon ya tsaya. Ya juya a hankali, ya sauke shi a kan matakala, ya jingina shi da bango yadda ba zai gangara ba. Ya ɗauki tsummansa ya rataya a kafaɗa.

Matar ta leƙo daga sama. "Baba, lafiya? Saura hawa ɗaya fa. Ya fi firjin nauyi ne?"

"A'a, Hajiya," in ji dattijon, yana sauka. "Firjin dai bai yi magana ba."